Alhajin Leda, Zo Mu Yi Lissafin Nama

Taubashi, ɗan gwaggona, bawan gidanmu, ubangidanka na gaishe ka daga Ƙauran Namoda. Ya Abuja, ya tumbi, ya kuma firjin nan naka da ka fi tambayar lafiyarsa a kan ta dangi? An ce yanzu ko ƙuli-ƙuli aka miƙo maka sai ka juya shi kana neman inda aka rubuta ranar lalacewa. Madalla da wayewa. Allah ya ƙara ilimi, ya rage iyayi.

Labari ya iso mana, kuma daga bakin da ba ya ƙarya, cewa ka tsaya a taron ɗaurin aure, ka gyara babbar riga, ka ce kai yanzu cikinka ba ya karɓar naman kasuwa. Sai na babban kanti, wanda ake shimfiɗawa a farantin soso, a lulluɓe da leda, a manna masa takarda a goshi, yana kwance cikin sanyi kamar majinyaci a asibitin kuɗi. Kai ɗin? Kai da aka yanke wa cibiya a Banga? Kai da ka yi ƙuruciya kana zagaya rumfar rundawa ranar kasuwa, hannu a baya, ido a kan faifai, kana jiran a jefo maka tantaƙwashi? Gwaggo na nan da ranta, Allah ya ƙara mata lafiya, a tambaye ta. Soyen layya bai taɓa yin mako a gidan da kake ba. Wutsiyar ragon da ake ɓoyewa don daren cika-ciki ma sai da aka koma ajiye ta a ɗakin kawunka, wato mahaifina, aka datse da kwaɗo.

Ban ce ka yi laifi ba. Mai kuɗi ya ci abin da ransa ke so. Ba kuma maganar kuɗin shara ta kawo ni ba, wannan shari'a ce mai zaman kanta. Amma tunda ka buɗe baki ka ce namanku ya fi namu, sai ka zauna mu yi lissafi, ni da kai, ba tare da ka kira direba ya taya ka ba.

Wannan sa da aka yanka aka zuba maka a leda, ɗan wane gari ne? Na ji kana raɗa wa mutane wai daga waje ake kawo shi. Rufa wa kanka asiri. Naman shanu da daskararrun kaji suna cikin jerin kayan da aka haramta shigowa da su Najeriya shekara da shekaru, je ka tambayi kowane jami'in kwastam. Saboda haka ɗayan biyu ne: ko namanka ɗan gida ne, ko kai mai cin kayan fasa-ƙwauri ne, in sanar da hukuma a zo a ɗauke ka da cokali a hannu. Gaskiyar magana, tirela ce ta sauke san nan a Dei-Dei ko wata kara irinta. In ka bi sawun tirelar baya, ba mamaki ka tsinci kanka a Shinkafi ranar Alhamis, cikin ƙura da kukan dabbobi, kusa da dillalin da ya san kakanka. Mu muka yi kiwo, mu muka loda a mota. Kai kuma ka biya kuɗin mota, da na shingayen hanya, da hayar kanti, da man janareta, da albashin yarinyar da ke ce maka a dawo lafiya, sannan aka miƙo maka 'yar tsoka ka yi godiya.

Wannan hanya ba yau aka share ta ba. Tun 1929 layin dogo ya iso Ƙaura daga Zariya, ya biyo ta Funtuwa da Gusau, ya zo nan ya tsaya cak bai ƙara gaba ba, don ya ga ya iso inda kaya suke. Jirage suka riƙa kwasar gyaɗa da auduga da fatu da dabbobi suna yin Kudu da su. Ko a 2016 an sake gwadawa, aka loda shanu wajen 500 a jirgin ƙasa daga Gusau zuwa Legas, manya suka sha hotuna, daga nan kuma shiru kake ji. Abin nufi dai, Ɗan Birni, tun ba a haifi babanka ba nama daga nan yake tafiya can. Ba mu taɓa jin ranar da ya juyo ba, sai in kai za ka fara, ka zo mana da tsarabar leda mu tara yara su sha kallo.

To kada ka je kana cewa ubangidanka azzalumi ne, bari in ba kantinku haƙƙinsa. Sikelinsu na da lambar da kowa zai karanta. Farashi a rubuce yake, ba a duba takalmin mutum kafin a faɗa masa, wanda kuwa rahama ce ga irinka, don da mahaucin Ƙaura ya hango agogon nan naka, kuɗin kashi ya ninka kafin ka gama sallama. Ƙuda ba ya sauka a kai. Sun kuma iya raba nama gida-gida, na gadon baya daban, na cinya daban, na ƙirji daban. Amma babban abin da suka fi mu shi ne haƙuri. Dabba in an yanka ta, bayan 'yan sa'o'i tsokarta takan sandare ta yi tauri, sai ta kwana biyu cikin sanyi sannan ta fara saki da kanta. Masu sayar da nama mai tsada sukan rataye shi a ɗakin sanyi mako biyu, uku, har huɗu, ruwansa ya ragu, ɗanɗanonsa ya taru wuri ɗaya, ya yi laushin da ƙaramar wuƙa za ta ratsa shi. Mu kuwa a yanka da asuba, a saya da hantsi, a jefa a tukunya daidai lokacin da ya fi taurin kai, sannan a zauna ana zagin san wai tsoho ne. Wannan kam na sallama maka. Ga mai haƙora irin naka, da likita ya riga ya canza rabinsu, naman kanti jinƙai ne.

Sai dai duk wannan yabo yana nan ne in sanyin bai yanke ba, ka kuma san ƙasar da muke ciki. Wuta ta tafi, janareta ya yi tari ya mutu, nama ya saki, wuta ta dawo, ya sake daskarewa. Duk zagaye ɗaya ƙanƙara na farfasa tsokar ta ciki, ruwanta na tsiyayewa. Jan ruwan nan da ke taruwa a gindin faranti, wanda uwargidanka ke zubarwa a magudana tana yatsina fuska, ba jini ba ne. Ruwan naman ne, tare aka auna su, ka biya kuɗinsa lakadan. A sa a tukunya ya ƙanƙance, yara su leƙa kwano su dubi juna. Ban ce kowane kanti haka yake ba. Akwai masu kula da gaske, akwai masu kashe firji da tsakar dare don tsimin dizal, kuma leda ba ta faɗa maka wanne ka shiga. Riƙe sanyi a ƙasar nan ba ƙaramin kuɗi ba ne, manyan ma suna ji a jikinsu. Shoprite da ta buɗe a Ado Bayero Mall a Kano a 2014, inda ka je takanas ka ɗauki hoto a bakin ƙofa, ta rufe wannan reshe a farkon 2024. Mahautan Abbatuwar Kano kuwa har gobe suna nan suna wasa wuƙa.

Ga lissafin. Mu ƙaddara kilo ɗaya na tsoka zalla a kantinku naira 10 ne, na mahauci naira 7, don dai abin ya zo maka da sauƙi, na san yadda kuka rabu da malamin lissafi. In kashi ɗaya cikin uku na kilon mahauci ƙashi ne da jijiya, to tsokarsa ta tashi naira 10 da rabi ke nan. Na ga har ka miƙe za ka yi rawa. Zauna. Wa ya ce maka ƙashi asara ne? A gidan da ake tuƙa tuwon dawa a kaɗa miyar kuka, mutum goma sha suna jiran kwano, ƙashin nan shi ne miyar. Shi ke ba da romo, shi ke ba da ɓargo, shi yara ke faɗa a kai bayan an tashi. Jijiya in ta sha wuta ta narke, ita ke ɗaure romo ya yi kauri. Tsoka zalla a miyar kuka ba ta da abin faɗi, ta shiga ta fito yadda ta shiga. Kai da ke cin yanki ɗaya a faranti da wuƙa da cokali mai yatsu, ganye na gefe, ka yi gaskiya da ka je kanti. Gwaggo da ke ciyar da jikoki, in ta bi ka ta shiga uku.

Yanzu taho in kai ka rumfa in tuna maka abin da ka yi kamar ka manta. Sammako ake yi. Kafin rana ta buɗe, nama na rataye a ƙugiya, cinya guda, kafaɗa guda, awaza a gefe, kayan ciki a daro, yaro na kora ƙuda da tsumma. Barunde na ganinka ya fara: "Alhaji, taho ka gani, wanga sa turkakke na, wata huɗu shina cin dussa." Kada ka saurari bakinsa, dubi hannunsa. Na dama na yanko tsoka mai kyau yana ɗorawa sama inda ido zai sauka, na hagu na turo guntun ƙashi da jijiya ƙarƙashin kashin a hankali, bakin kuma bai daina tambayarka lafiyar iyali ba. Ka ɗaga kashin ka nuna masa, ba zai ji kunya ba: "Haba Alhaji, Allah ya yi sa da ƙashinai, ni wa za ni saida ma shi?" Ka yi tayi ya ce albarka. Ka juya ka yi taku biyu ya ce dawo ka kawo. Sannan a zo kan gyara, inda ake sanin matsayin mutum a gari. Baƙo a jefa masa huhu. Na gida a yanko masa hanta, in an ga dama har da ɗan tozo. Kai in ka zo yanzu da wannan Hausar taka da ta sha Turanci, huhu za ka samu, shi ma ɗan siriri.

Ido ake zuwa da shi, da yatsa, da hanci. Danna tsoka: in ta taso ta cike gurbin yatsan, lafiya lau, in rami ya zauna ko ta yi yauƙi, bar masa kayansa. Launi ja mai haske ake nema, ba wanda ya yi duhu ya bushe a baki-baki ba, ba kuma wanda ya koɗe yana ɗigar ruwa ba, wannan an yi masa wanka ne don ya ƙara nauyi. Kitsen san da ya yi kiwon daji yakan yi rawaya-rawaya saboda ɗanyar ciyawa, na turka da ya sha dusa da harawa ya fi fari. Hanta kuwa a sa ya tsaga ta a gabanka. In ka ga fararen jijiyoyi masu kauri, da wasu 'yan tsutsotsi masu faɗi suna motsi, san ya yi kiwon fadama ya kwaso ciwon hanta. Huhu mai ƙulli-ƙulli a guje shi, don tarin fuka na shanu yana kama mutum. Wannan duk aikin likitan dabbobi ne a mayanka, amma ni da kai mun san ba kowace dabba ce ke bi ta mayanka ba, wata a bayan gida take gamuwa da wuƙa tana gab da cikawa. Akwai kuma masu miƙo maka raƙumi da sunan sa. Naman raƙumi halal ne, yana da masoyansa, ya kuma fi sauƙin kuɗi. Laifin kawai a karɓi kuɗin sa a kansa. Silin tsokarsa ya fi kauri, kitsensa fari ne sol, wanda ya saba ba a yi masa wannan.

Ka ga ban ɓoye halin namu ba. To me ya sa har yanzu nake wurin mahauci? Don ya san ƙofar gidana, na san tasa. In ya cuce ni yau, gobe da asuba sahu ɗaya za mu tsaya, kafaɗa da kafaɗa. In abin ya yi tsamari ga Sarkin Fawa, a kai masa ƙara ya kira yaronsa ya wanke shi tas a gaban mutane. In babu kuɗi a hannu ranar da baƙi suka sauka, ya yanko ya ce a kawo ran kasuwa. Kai fa? Ran da ledarka ta buɗe da wari, wa ka kama? An ce maka manaja ya fita, ka dawo gobe da rasit, rasit ɗin kuma yana cikin aljihun wandon da aka wanke.

Takardar da ke kan ledarka cewa take naman sa, shi ke nan. Wane sa? Bokolo ne, wato Gudalin Sakkwato, mai gajeren ƙaho da cikar jiki, wanda da an turke shi yake ɗaukar ƙiba? Ko Rahaji ne, ja mai dogon ƙaho da dogayen ƙafafu, wanda ya taka daga nan har Nijar ya dawo, tsokarsa duk ta zama ta ɗan tafiya? Bunaji ne fari mai baƙin kunne, ko Azawak da ke gangarowa daga arewa? Ɗan maraƙi ne, ko tsohuwar saniyar da ta gama haihuwa, ko san huɗa da ya yi shekaru yana jan garma kafin a sallame shi da buhun dusa? A kara duk wannan a fili yake, dillali zai buɗe bakin dabba ya ƙirga maka haƙora, ya damƙi gindin wutsiya da awaza ya faɗa maka ko ta yi mai. Haka raguna: Uda mai rabi fari rabi duhu, Balami fari ƙato mai gantsararren hanci, da ɗan ƙasa wanda bai cika ido ba amma ya cika baki. Ga jar akuyarmu ta Sakkwato da Maraɗi, wadda Turawa suka daɗe suna sayen fatarta suna kiranta fatar Maroko, don ta can fatake ke bi da ita. Su suka tafi da fata, mu muka zauna da farfesu, ban ga wanda aka cuta ba.

Na ji kuma ka koyo sabon karatu, wai Wagyu, shanun Japan, musamman na Kobe, waɗanda kitse ke ratsa tsokarsu sili-sili, har an yi musu aji-aji, A5 ne na ƙoli. Gaskiya ne, akwai su, kuma kuɗin kilo ɗaya na mai kyansu ya saya maka rago a Zurmi. Tambaya ɗaya: ka taɓa ci? A waya ka gani, Sarkin Firji, kana kwance kana haɗiyar yawu. To ka sani shanun nan na Japan ba su da tozo. Mu Allah ya tara mana kitsen da tsokar a wuri ɗaya ya ɗora a doron sa. A samu tozon Bokolo turkakke, a tsattsaga shi, a shafa gishiri da ɗan yaji, a sa gefen garwashi inda wuta ba ta da hushi, a bar shi yana tsatsar mai a hankali har bayansa ya yi ja ya ɗan ƙone, cikinsa na rawa. A yanka da zafinsa, a watsa albasa. Yanka uku za ka ci ka nemi ruwan zafi da inuwa. In Bajapane ya ɗanɗana wannan, sai an riƙe masa fasfo kafin ya yarda ya koma gida.

Gasasshe kuwa, nan ba ku da bakin magana. Tsiren da ake sayar muku a wuraren shaƙatawa, yanka huɗu a tsinke, an yi masa ado da tumatir da kabeji don faranti ya cika, kuɗinsa ya sayi balangun da zai kwantar da mutum biyu a tashar Ƙaura. Balangun rago na gaske ba ya son gaggawa, tun la'asar yake kan waya yana shan wuta kaɗan-kaɗan, sai bayan magariba a fara yanka. Abin da zan roƙi mutanenmu kawai su rabu da takardar siminti da tsohuwar jarida, yaji ya isa, ba sai an haɗa mana da tawada ba. Kilishi kuma kada ka yi ƙorafin tsadarsa. Ɗanyar tsoka kusan kashi uku cikin huɗu ruwa ce, in an fere ta an shanya a rana abin da ke saura kaɗan ne, ga labu, ga itace, ga wahalar mai yi. Inda ake cuta shi ne a labta labu ya fi naman kauri, a zuba kala ya yi ja wur, ka sayi ƙuli da kuɗin nama. Ɗaga shi ka duba ta rana, ka lanƙwasa gefe. In labu ya zube ya bar maka abu siriri da ba ya taunuwa, an yi da kai. Na Agadasawa a Kano ya yi suna, na Nijar irin na Madawa da Tasawa ba a raina shi, na Area 1 ɗinku ma ba laifi, tunda 'yan uwanmu ne suka je can suke yi muku.

Akwai wurin da wasa ke tsayawa, taubashi. Naman nan da muke gardama a kai ya yi tsada ne a inda ake kiwonsa, kuma ka san dalili. Satar shanu da 'yan bindiga sun watsa rugage, sun kori masu turka daga ƙauyuka. A watan Satumba na 2021 gwamnatin Bello Matawalle ta rufe kasuwannin mako, ta hana safarar dabbobi, aka kuma katse layukan waya, mahauta da dillalai da masu lodi suka zauna hannu rabbana. Juyin mulkin Nijar na 2023 ya jawo rufe iyaka na tsawon watanni, a 2025 kuma hukumomin can suka hana fitar da dabbobi gab da layya. Hanyar Ƙaura zuwa Shinkafi da ta Zurmi sai da addu'a. Abin da 'yan bindiga suka yi wa mutanenmu na Banga ba zan sa shi cikin zolaya ba, Allah ya jiƙan waɗanda suka rasu, ya kawo mana ƙarshen wannan masifa. Shi ya sa yanzu in aka yi maka tayin nama da arahar da ta wuce hankali, a nan ko a can, ka tambayi kanka san wa aka kora da dare. Araha ba ta ado, wannan kuwa har da haƙƙin wani a ciki. Mahaucin kirki yana iya faɗa maka wurin wa ya sayi dabbarsa da dillalin da ya tsaya.

Na ji a 2024 an kafa ma'aikatar tarayya ta bunƙasa kiwon dabbobi, har an sa hannu da kamfanin JBS na Brazil kan jarin dala biliyan 2.5. Tunda kai ne kusa da manya, ko da yake na san iyakarka bakin get, ka faɗa musu su fara da tsare hanyar da san zai bi ya iso kasuwa.

Wadda ta kayar da kantinku da mahaucina gaba ɗaya ita ce watanda. Mutum goma ko ashirin a haɗa kuɗi, a tura masu ido biyu kara su zaɓo sa, a ba dillali la'adarsa, a kira mahauci a biya shi ladan fiɗa. A shimfiɗa tabarma a ƙarƙashin bishiya a fara kasawa kowa na kallo: tsoka ta zagaya, ƙashi ya zagaya, hanta da ƙoda da tumbi da kitse duk su zagaya, har sai kashi ya yi daidai da ɗan'uwansa. Fata a sayar a rage kuɗi, kai da ƙafafu a yi tayinsu tsakanin 'yan watanda. Sannan kowa ya kawo alamarsa, wani tsinke, wani tsakuwa, a kira yaron da bai ga komai ba ya ɗora a kan kashi-kashi, inda taka ta sauka nan ne rabonka. Ba ribar kanti, ba hannun hagun barunde, ka ga san da ransa, ka ji bisimillar da aka yi. Aibinta ɗaya, wani lokaci a fede a tarar girin-girin ne babu mai, sai a yi ta hararar waɗanda aka tura kara har shekara ta zagayo. Sai kuma aikin suya da ke jiran mata, tunda ba kowa ke da firji irin naka ba.

Hukuncina ke nan, ba kuma ɗaukaka ƙara. In laushi kake so don gashin 'yan gayu, je kantin da ka tabbata ba ya wasa da sanyi, ka biya kuɗinka ka yi shiru. In miya ce, mahaucin da ya san sunan babanka. In kuwa so kake kuɗinka su yi auki, watanda. Ta jajibirin Sallah tana nan tafe, na riga na sa a rubuta maka kashi biyu, saboda tumbin. Ka turo kuɗin kafin Alhamis ɗin da za a je Shinkafi, kuma ka zo da ƙafarka ka gaida Gwaggo. In ka aiko direba, hantarka da tozonka ni zan ci, in ba shi huhu ya kai maka.